Baƙon Gidan Dagny

A ƙauyenmu, nan gabar yammacin Denmark, in ka gaji gida to ka gaji mamaci. Tun 1871 abin yake haka, shekarar da guguwa ta fasa jirgin ruwan nan Marta Elise a bayan gari. Teku ta yi kwana tara tana amayo gawarwaki. Mutum ashirin da uku aka tsinta, ba wanda ya san sunan ko ɗaya. Aka binne su bayan katangar coci, aka kafa wa kowa dutse da lamba. Gidan da ya ɗauko gawa daga bakin ruwa, shi ke riƙe da kabarinta har abada. Namu na huɗu ne. Na gidan maƙwabciyata Dagny na sha bakwai.

Riƙon ba wani abin a zo a gani ba ne, sai dai ba ya ƙarewa. Duk lokacin da iskar yamma ta taso sai ta kwaso yashi ta lulluɓe duwatsun. Ka yi sakaci hunturu ɗaya, ka nemi naka ka rasa. Uku sun ɓata haka, tun da baƙi masu zuwa hutu suka fara sayen gidajenmu.

Dagny ta yi shekara arba'in tana feɗe kifi a masana'antar bakin tashar jiragen ruwa, kuma bakinta ya fi wuƙarta kaifi. Amma ka gan ta a maƙabarta, da tsintsiya da shebur da filas ɗin kofi, sai ka ce wata ce. Takan share, ta zauna, ta ba na sha bakwai labarin gari: wa ya yi aure, wa ya daina zuwa kamun kifi. Baƙona take ce masa. Mijinta Aksel har ya bar duniya yana mitar cewa shi da ke da rai bai samu rabin wannan hirar ba. Ba su haihu ba.

Da ta kai tamanin da huɗu gwiwoyi suka ƙi. Aka samar mata ɗaki a gidan tsofaffi can cikin birni, dole a sayar da gida. Barin gidan bai dame ta ba, damuwarta ɗaya ce: wa zai riƙi baƙonta. Na ce ta bar min shi, tunda dama ina zuwa share na huɗu. Ta harare ni.

"Ejnar, kai da naka ma sai na tuna maka? Gida ɗaya, mamaci ɗaya. Baƙona ba ƙari ba ne."

Na ji haushi, don dai gaskiya ta faɗa.

Daga nan dillalin gidan ya shiga uku. Duk wanda ya kawo, kafin ya ga ɗaki ko madafa, sai Dagny ta dogara sanda ta ja shi maƙabarta. Wani ya tambaya ko akwai dokar da ta tilasta. Wata ta ce za ta sa a riƙa kawo furanni daga kanti. Wani kuwa ya hau kan kabarin yana ɗaukar hoto. Duk ta sallame su, ko kofi ba ta ba su ba. Lokacin kaka ya zo, masu gidan tsofaffi suka ce ba za su ci gaba da ajiye ɗaki babu kowa ba.

Ana cikin haka Senait ta zo ganin gidan. 'Yar Eritrea ce, tana aiki a masana'antar da Dagny ta bari, mijinta direban babbar mota. Na bi su don in ga yadda za a kwashe. Dagny ta yi bayaninta a gajarce, kamar wadda ta riga ta san amsa. Senait ta tsaya nesa da dutsen ba ta matsa ba.

"Mama Dagny, ta wane gefe kansa yake? Kada in taka."

Dagny ta nuna mata da sanda. Ta tambaye ta ko ba ta tsoron matattun da ba nata ba. Senait ta ce ƙanenta ya shiga kwalekwale zai tsallako Turai, shekara tara ke nan ba labari.

"Wataƙila yana wani bakin teku da lamba a kansa," in ji ta. "Ina fata wani yana share masa."

Dagny ta miƙa mata tsintsiya. Gida ya zama na Senait.

Guguwar farko bayan tashin Dagny, na ɗauki shebur da sassafe ina ganin na riga kowa. Na tarar na sha bakwai fes, Senait na zaune gefe da filas tana hira da yarensu. Suna ɗaya na riƙa ji tana kiran mamacin da shi: Tesfay, sunan ƙanen nata.

Ranar Lahadi na kai wa Dagny labari, ina ɗari-ɗari, don na san ta da kishin baƙonta. Ni ban taɓa ganin hawayenta ba, ko a jana'izar Aksel, sai ranar.

"Shekara sittin ina hira da shi, ban taɓa samun abin kiransa ba," ta ce. Ta goge ido, ta juyo. "Kai fa, ka share na huɗu?"