Jan Katin Jikan Mama

A shekarun da muke zaune a Greenbelt, ni da maigidana da 'yan biyunmu, ina aikin jinya a asibiti a ranakun mako, Asabar da Lahadi kuma nakan je Takoma Park in kula da wata tsohuwa a gidanta. 'Yar ƙasar Ireland ce. Ta zo Amurka tun tana budurwa, ita ma jinya ta yi har ta yi ritaya. Daga baya ciwon sukari ya cinye mata ido, haske da inuwa kawai take bambancewa. Mama nake kiranta, ba ta kuma taɓa hana ni ba.

Ranar da na fara aiki, 'yarta ta zagaya da ni gidan, ta nuna mini magunguna da irin abincin da aka yarda ta ci. Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo.

“Na manta. Idan bazara ta shigo, safiyar Lahadi ta ƙwallo ce. Kada ki sa wanka ko gwajin jini a lokacin.”

Na ce kada ta damu. Ni 'yar Jos ce, a tsakiyar 'yan'uwa maza na tashi, filin ƙwallo kuma yana bayan gidanmu. Na san satar gida, na san bugun kusurwa, na san fenariti. Har murna na yi, na ce na sami abin da za mu riƙa hira a kai.

Lahadin farko na kunna mata kwamfuta, na jawo kujera kusa da ita. Wasan da ake yi can ƙasarsu da yamma, mu da hantsi yake riskar mu. Aka busa usur, alƙalin wasa ya jefa ƙwallo sama, wani dogo ya yi tsalle ya cafke ta da hannu biyu ya kwasa a guje.

“Mama, hannu!” na ce.

“Hannun wa?”

“Ya ɗauki ƙwallo da hannu, kuma ba gola ba ne!”

“To da me kike so ya ɗauka?”

Na ci gaba da kallo. Mutumin ya yi 'yan taku, ya buga ƙwallon a ƙasa ta dawo hannunsa, ya sake ta a kan ƙafarsa ta sake dawowa, sannan ya naushe ta zuwa wurin abokinsa. Shi kuma abokin ya ɗaga ta sama can bisa raga, irin bugun da a Jos sai an yi mako ana yi wa mutum tsiya a kansa. Sai na ji fili ya kaure da ihu, Mama tana tafi, wani mai farar riga a bayan raga yana kaɗa farar tuta.

Ta yi mini bayani. Wannan ƙwallon ƙasarsu ce, ba irin tamu ba. Idan ƙwallo ta bi ta saman raga tsakanin dogayen sanduna biyu, maki ɗaya ne. Idan ta shiga raga, uku ne. Na ce na gane. Can wajen ƙarshe ta tambaye ni su wa ke gaba. Na duba kusurwar allo, na ga na ƙungiyar su Mama an rubuta 1-12, na abokan karawa 0-14, na ce mata an wuce su da biyu.

“'Yata, sake lissafi,” in ji ta. “Goma sha biyar gare mu.”

Aikina a waɗannan safiyoyi shi ne in zama idonta. Mai sharhi yana faɗin wanda ke riƙe da ƙwallo, amma ba ya faɗin ko ruwa ake yi, ko ina iska ke kaɗa tutoci, ko yaronta yana ɗingishi. Yaron nan jikan ƙanenta ne, mai tsaron baya a ƙungiyar gundumarsu. A can kowace gunduma tana da ƙungiya ɗaya, kuma inda aka haife ka nan za ka buga wa, ba saye ba sayarwa. Shi malamin firamare ne. Da na gaya wa maigidana cewa ba a biyan 'yan wasan, sai ya ajiye cokali.

“Maman Biyu, kin dai ji ba daidai ba. Fili cike da mutane haka, a ce kyauta suke gudu?”

Gundumar su Mama ƙarama ce, kuma tun tana yarinya ba ta taɓa jin sun ɗauki babban kofin ƙasar ba. Shekarata ta farko aka lallasa su tun a wasan farko na gasar wannan kofin. Na yi mata jaje, na ce sai baɗi. Ta ce wane baɗi, ai suna da wasa nan gaba kaɗan, akwai ƙofar baya da waɗanda aka fitar suke sake shigowa ta ciki. Da aka sake cin su a can, ban yi jaje ba, don na zaci akwai wata ƙofar. Ashe wannan karon fitar gaske ce. Ranar ko shayi ba ta sha ba.

Bayan 'yan shekaru suka sami sabon mai horarwa, abu ya fara canjawa. Suka ci kofin lardinsu, wanda ni na ɗauka shi ne ƙarshe, har na kawo mata cincin daga gida. Ta ci cincin ɗin ta yaba, sannan ta ce yanzu ma aka fara. Suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. A wannan wasa ne, ana gab da tashi kuma suna kan gaba, aka yi wata 'yar hatsaniya nesa da ƙwallo. Wani ya faɗi yana riƙe da fuska. Alƙalin wasa ya je ya yi shawara da masu fararen riguna, ya dawo ya kira jikan Mama ya ɗaga masa jan kati.

Suka ci wasan, amma Mama ba ta yi tafi ba. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

“Ke kika gani. Me ya yi?”

Na ce bari a sake nunawa. Aka nuna a hankali, daga gefe, daga baya. Ɗayan ya riƙe masa riga, shi kuma ya juyo da gwiwar hannu ya same shi a muƙamuƙi. Na so in ce hoton bai fito sosai ba, amma ta ƙara matse mini hannu.

“Mama, an ja masa riga. Amma ya doke shi.”

“Da gangan?”

“Ya waiwaya kafin ya doka.”

Ta sake ni, ta jingina da kujera. “Haka kakansa yake,” ta ce. “Mako huɗu ke nan.”

Nan na shiga ruɗanin da ya fi na farko. Na tambaye ta wasa nawa za a hana shi, ta ce su a wajensu makonni ake ƙirgawa. Wasan kusa da na ƙarshe zai zo bayan mako uku, don haka ba zai buga ba. Na ce to idan mutum ya sami jan kati a wasan ƙarshe na shekara fa, lokacin da babu wani wasa a gaba? Ta ce wannan ma akwai dokarsa, ta fara zayyana mini, ta kai tsakiya ta ce a'a, wancan tsohon tsari ne, ta dawo farko. Ta ƙara da cewa dakatarwar ta wasan gunduma ce, yana iya buga wa kulob ɗin ƙauyensu ko gobe.

Da na kai wa maigidana wannan labari, ya ce, “Tsaya. An dakatar da shi, amma yana iya buga ƙwallo?”

“A ƙauye.”

“Irin ƙwallon da ya doki mutum a cikinta?”

“Ita.”

“To me aka dakatar?”

Na ce ya je ya tambayi Mama da kansa.

Gundumar ta ɗaukaka ƙara. Kullum na zo ranar Asabar, ko jakata ban ajiye ba sai Mama ta sa in karanta mata jaridar garinsu a kwamfuta. Akwai kwamitin da ya ba da hukunci, akwai wanda ke sauraron wanda bai yarda ba, akwai na ɗaukaka ƙara, sama da su kuma akwai wani zama da lauyoyi ke shiga. Sunayensu duk kama suke da juna, ina karantawa ina rikita su, tana gyara mini. A makonnin nan aka wanke wani ɗan wasa na wata gunduma da shi ma aka kora saboda duka, wai a cikin waɗanda suka zauna kan maganarsa akwai wanda bai kamata ya zauna ba. Na ce to shi ke nan, namu ma za a sake shi. Ba a sake shi ba. Kowane mataki suka je, sai a ce hukunci yana nan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai Mama ce da kanta. Da safe za ta ce yaron ya yi laifi, ya zauna ya koyi hankali. Kafin azahar ta fara zagin kwamiti, wai da ɗan babbar gunduma ne da tuni an wanke shi. Wata rana 'yarta ta ce hoton ai bai nuna komai ba, sai Mama ta juyo wajena ta ce, “Ya nuna. 'Yata ta gani.” Na rasa ko daɗi zan ji ko kunya, kamar ni na ba shi katin.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe, kamara ta nuno shi zaune cikin 'yan kallo da rigar sanyi, ya haɗa tagumi. Na gaya mata. Wasan ya yi zafi, ana ta kai da komowa, har lokaci ya kusa cika suna baya da maki ɗaya. Sai wani siririn yaro da aka sako daga benci ya ɗaga ƙwallo daga nesa, ta bi ta tsakanin sanduna. Aka busa tashi. Na gyara zama ina jiran ƙarin lokaci da bugun fenariti, sai na ga 'yan wasa suna gaisawa suna ficewa.

“Mama, tafiya suke yi. Wa ya ci?”

“Babu. Za a sake bugawa mako mai zuwa.” Sai ta miƙe zaune. “Wace rana suka ce? Asabar ko Lahadi?”

Na ce ban ji ba, me ya bambanta su? Ta ce mako huɗun yaron suna cika ne a daren Asabar. Idan aka sa wasan ranar Asabar da yamma, ba shi ciki. Idan Lahadi ce, zai buga.

Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa. Na ce amma ai wannan wasan ne aka hana shi bugawa. Ta ce wancan aka hana shi, wannan wani ne. Na ce ƙungiyoyin nan biyu ne dai, a fili ɗaya, kan matsayi ɗaya. Ta ce ƙwarai kuwa. Daga nan ban ƙara tambaya ba.

Aka sa wasan ranar Lahadi. Ya buga daga farko har ƙarshe, ya hana babban ɗan wasan gaba na abokan karawa sakat, suka ci da tazara mai kyau.

Wasan ƙarshe Mama ta ce ba za ta saurare shi a ɗaki ba. Akwai wani gidan cin abinci na mutanen ƙasarsu da ke nuna wasannin a babban allo, can ta ce a kai ta. Maigidana ya ce shi zai tuƙa mu, ya bar 'yan biyu suka tafi coci tare da maƙwabta. Muka tarar da wurin cike da jama'a, rabi da rigar gundumar su Mama, rabi da ta ɗaya gundumar, a teburi ɗaya suna tsokanar juna. Aka buɗa wa keken da muke tura Mama a kai hanya har gaba. Hayaniya ta hana ta jin mai sharhi, sai na durƙusa kusa da kunnenta ina faɗa mata abin da nake gani. Ban san sunan komai ba. Ina cewa, “Mai jan gashi ya kama, ya ba gajeren, gajeren ya faɗi, an ba mu bugu, ban san dalili ba.” Ita kuma tana gyaɗa kai, tana gaya wa na kusa da ita sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Maigidana, wanda ya zo don ya yi dariya, na waiga na gan shi tsaye yana ihu da Hausa, “Ɗaga ta sama! Kai, bar raga, ɗaga ta sama!”

Da aka busa tashi, sai da na yi lissafina na uku-uku kafin na yarda sun ci. Kafin in gama, wani ƙato da ban taɓa gani ba ya rungume maigidana yana kuka. Mama ba ta yi ihu ba. Ta tambaye ni ko an nuno yaron. Na ce ga shi can ya durƙusa a ciyawa, ya rufe fuska da riga. Ta ce in goge mata ido, kuma in duba sukarinta, don tana jin ya hau.

Ban daɗe da fara jin cewa na kama lissafin makonnin nan ba, sai Mama ta ce an canja doka, yanzu wasanni za a riƙa ƙirgawa. Bayan haka kuma aka kawo wani baƙin kati, wanda ba jan ba ne ba kuma na gargaɗi ba. Ta yi ƙoƙarin koya mini, na ce ta yi haƙuri, ni dai zan ci gaba da faɗa mata launin da na gani.

Asabar ɗin da ta biyo bayan cin kofin, ina yanka mata tuffa a kicin, waya ta yi ƙara. Jikan ne daga ƙauyensu. Suka daɗe suna magana, tana dariya tana yi masa faɗa. Can ta kira ni ta miƙo mini wayar, ta ce yana so ya gaisa da matar da ta kai shi ƙara. Na karɓa na kai kunne. Ya yi magana mai tsawo, da sauri, da irin Turancin ƙauyensu, ga hayaniyar yara a bayansa. Ban tsinci kalma ko ɗaya ba. Da na ji ya yi shiru, sai na ce masa amin, na gode, Allah ya ƙara nasara.

Na mayar wa Mama wayar. Ta saurare shi, ta fashe da dariya har da tari.

“Tambayarki ya yi,” ta ce, “wai da ke ce alƙalin wasa, da kin kore shi?”