Takun Baffa a Ma'ala

Jiya wani alhaji ya tambaye ni inda tsofaffin ƙubbobin makabartar Ma'ala ta Makka suke, sai Baffana ya faɗo mini a rai. Shi ya gan su da idonsa kafin a rushe su. A shekarun da ake faɗaɗa Harami, yakan tuɓe takalmi a bakin ƙofar makabartar, ƙasa na ƙuna, yana ƙirga taku zuwa gurbin kowacce.

Wata rana da na raka shi, na ce, "Baffa, duwatsu ne zalla. Ka tabbata?"

Ya dafa kafaɗata. "Yalla, maza ƙirga. In na tafi, wa zai nuna wa baƙi?"

Yau nasa kabarin ma ba alama, amma taku saba'in ne daga ƙofa, ban taɓa kuskurewa ba. Allah Ya sanyaya masa ƙasar da ta ƙona ƙafarsa.