Ranar da na kori Iya daga sitona

Shekaruna ba su kai arba'in ba a lokacin, amma na riga na mallaki sito nawa na kaina a Bompai. Da dakon buhu na fara, na koma dillanci, har na kai ina sayo zoɓo daga ƙauyukan Jigawa, mata su tsince shi a sitona, in kai wa wani kamfani a Sharada mai fitar da shi ƙasashen waje. Babu wanda ya ɗora ni a hanya, kuma wannan ne ya kumbura mini kai.

Cikin masu tsintar akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Iya. Ta haura sittin, ga ƙarfi ga baki. Ita ke ba da waƙa in aiki ya yi zafi, ita ke tsare direbobin tirela in sun yi wa matan aure maganar banza. Ni ma ba ta ƙyale ni ba, takan ce tumbina ya riga arzikina girma. Duk buhun da aka sauke sai ta zura hannu har gwiwa, ta ciro na tsakiya, ta murza, ta shinshina.

Shekarar da na sayi na'urar gwada danshi, wani sabon mai kaya ya kawo mini zoɓo mota guda. Na soka na'ura, ta nuna a bushe yake. Iya ta zura hannu a buhu uku, ta ce kada a jera kayan nan, a baza su a rana, an yayyafa wa tsakiyarsu ruwa don su yi nauyi, tsinken na'urata kuwa gefen buhu kaɗai yake taɓawa. A gaban mata da 'yan dako ta faɗa, har ta ƙara da cewa ƙarfen da na sayo ba shi da hanci. Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta ci ni. Na ce mata tsufa ya fara taɓa mata kai, ta koma gida ta ja carbi. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta ɗauki farantinta, ta ce tun ban iya ɗaura tazuge ba take shinshina zoɓo, Allah ya ba mu alheri.

Na sa aka jera kayan a ƙurya kafin layin tsintarsu ya zo. Da aka buɗe, hunhuna ta cinye su, har ta kama masu kyau da ke jingine da su. Kamfanin ya ji labari ya daina karɓar kayana, sunan da na yi shekaru ina ginawa ya lalace a Sharada. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin buhu ɗaya tak zan farke in gani da idona. Ban farke ba, don kada a ce tsohuwa ta fi ni.

Na je gidanta ba da haƙuri. Na tarar ta tara mata a soro, dillalai na kawo mata kaya tana duba musu kafin su saya. Ta tambaye ni ko da ƙarfen nawa na zo, matan suka sake yi mini dariya, wannan karon na haɗiye. Ta yafe mini, amma ta ce ba za ta koma ba, in ina so in kawo kayana in bi layi kamar kowa. Layin nake bi har yau.

Abin da ke ƙara tunzura ni shi ne yadda nake ganin matasan dillalai a Bompai da Challawa suna maimaita wautata, suna daka wa sa'o'in iyayensu tsawa don sun riƙe waya da makullin sito. Ku sayi na'urarku, ban hana ba. Amma in dattijuwar da ta tsufa a kan sana'a ta ce ku dakata, ku dakata ku duba, ko da a gaban mutane ta faɗa, ko da da gatse ta faɗa. Kunyar da kuke gudu ta minti biyar ce. Tawa ta shekara goma ba ta sake ni ba.