Muryata tana cikin kaset ɗin Ilyasu

Ilyasu ya rasu. Yau da safe ina shanya a tsakar gida Rabi maƙwabciyata ta shigo ko sallama babu, ta ce mota ta kife da shi a hanyar Khaibar. Dabino ya je ɗauko wa matarsa.



Ni ban yi karatu ba. Rabi ce ke riƙe da jawwal, wayar hannu, ni ina faɗa tana rubutawa a shafinta. Rabi, yadda na faɗa za ki sa, kar ki gyara min magana.

Ilyasu direban bas ne, daga Bi'ir Ali nan Madina zuwa Makka. Ba ni na haife shi ba, amma nonona ya sha. 'Yata ta rasu tana wata biyu, uwarsa kuma ba ta da ruwan nono, gidanmu ɗaya a unguwar Bani Harisa, sai aka miƙo min shi. Inna yake ce min.

Duk Juma'a sai ya zo ya jera min magani a robar nan mai ɗaki-ɗaki. Ya ce, "Inna, jan na safe ne, farin na dare. In kika haɗa su kika sha, ba ruwana, ni ba zan ɗauke ki ba, kin yi nauyi."

Abu ɗaya muke faɗa a kai, kiɗan Turawan nan nasa. Wai furog rok, ko me. Waƙa ɗaya sai ka dafa shinkafa ka sauke ba ta ƙare ba. Ta yi sanyi kamar za ta mutu, sai kuma ta zabura. Wasu mawaƙa ne da suka yi wasa a gaban jama'a tun ba a haife shi ba. Shi da abokansa na intanet suke neman tsofaffin kaset na wasan, ya sa a kwamfuta ya wanke. Haka yake cewa, wankewa. Ya cire shuu ɗin, ya ɗago muryar da ta nutse, ya sa wa mutane su saurara kyauta.

Na ce, "A garin Manzo kake wannan?"

Ya ce, "Inna, da abin kunne nake ji, ko maƙwabci bai sani ba."

To ga abin da ya hana ni zama.

Bara ya zo gyara min akwatin mai gidana, Allah ya jiƙansa, ya tsinci kaset. Shi Malam mai gidan nawa ya yi wa wani Bature injiniya direba a Yanbu, da zai koma ƙasarsu ya bar masa rikoda da kaset-kaset. Ashe Baturen ya je wasan nan da kansa, ya ɗauka da rikodarsa daga cikin taro. Ilyasu ya duba rubutun da ke jikin kaset ɗin. Ya ce, "Inna, shekaru ake neman wannan, babu mai shi a duniya!"

Na ce ɗauka, ya rage min shara.

Na manta na taɓa kaset ɗin nan. Wallahi na manta.

A zamaninmu mu da ba mu iya wasiƙa ba, kaset muke yi. Ka toshe ramin da ke samansa da takarda, ka danna jan maɓalli, ka yi maganarka, ka ba alhazan da za su koma gida. Bayan rasuwar 'yata na ɗauki ɗaya daga cikin na Baturen, zan aika wa Iya mahaifiyata a Damagaram. Ban yi nisa ba na ji tarin Malam a ƙofa, na kashe, na mayar inda yake. Ban aika ba.

Juma'ar da ta wuce Ilyasu ya zo yana dariya, ashe ya wanke kaset ɗin ya sa a intanet. Ya ce, "Inna, kin yi suna. Wani a can ƙasar sanyi ya rantse muryarki cikin wasan take, wai dabarar mawaƙan ce."

Ya sa min abin kunne. Kiɗa na ta tashi, sai ƙat, ya yanke. Sai ga yarinya tana kuka, ya wanke ta tas kamar tana gefena.

"Iya, na gaji da Madina. Ki sa a zo a ɗauke ni. Allah kar ya kashe ni a garin nan."

Sai kiɗa ya ci gaba.

Na fizge abin na yar. Na ce, "Ilyasu, ka san me ka watsa? Addu'a ce fa! Ni da ba ni da buri yanzu sai a sallace ni a Harami a kai ni Baƙi'a?"

Dariyar ta ɗauke masa. Ya ce shi kukan ya ji, bai auna maganar ba, kuma a wajensu ba a yanke komai daga kaset, yadda aka same shi ake barinsa. Ya durƙusa ya kama ƙafata. "Ki yafe min, Inna. In na dawo daga Khaibar zan sauke shi daga shafina, in yanke wurin, in roƙi kowa ya goge nasa."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Na aika a tambayi matarsa lambar sirrin shafinsa. Ita haihuwar nan ce, da Larabci take amsawa. Ta ce, "Ma a'rif, ya khala." Ba ta sani ba. Rabi kuma ta ce ko an sauke nasa, mutane sun riga sun kwafa.

Ya'ani yanzu haka da nake maganar nan, wani yana can ya kunna, ni kuma ina roƙon Allah kar ya kashe ni a Madina. Safe da yamma, ba na hutawa. Wa ya san sa'ar da za a amsa? Shi ma da ya wanke maganar, a wajen gari ajali ya same shi. Rabi ta ce in daina haɗawa, ba haka abin yake ba. Na ji, amma zuciyata ba ta ji ba.

Kuma ina jiye masa. Kar a tambaye shi kiɗan nan a kabari, yaron da bai taɓa wuce ni da kaya a hannu ba.

Don Allah wanda ya iya Turanci a cikinku ya kai wa abokansa saƙona. In suna ƙaunarsa su cika masa alkawarinsa, su yanke wurin. Ba mawaƙiya ba ce, wata ce da 'yarta ta mutu.

Ku kuma da kuke karantawa, ku zama shaiduna. Ni Hajiya Zinaru na janye maganar nan. Yarinta ce da zafin rashi. Ya Allah, wannan ta yau ita ce tawa, kar ka kama ni da waccan. Ka ɗauki raina a Madina.

Ya Allah ka gafarta wa Ilyasu, ka yalwata kabarinsa, ka ba matarsa haƙuri. An ce bayan La'asar za a shigo da shi gari.

Ku sa shi a addu'a. Ni ma ku ce min amin, da ƙarfi, ku da yawa.