Norman da Gwarar da Ba Gwara Ba

Tun da Norman Ackroyd ya ajiye tuƙin bas a garinmu na Skipton da ke Ingila, ya rasa fasinjan da zai yi wa masifa, sai ya koma kan tsuntsayen lambunsa. Matarsa ta rasu, abokai kuwa bakinsa ya kore su, ko da yake shi cewa yake yi su suka ware shi.

Kamar kowa a layinmu, ya rataye wa tsuntsaye kwandon tsaba. Gwara suka yi ta dafifi da hayaniya a kai. Amma akwai wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa da ba ya hawa, kullum yana raɓe a gindin shinge yana tsintar abin da ya zubo. Norman ya yanke hukunci nan take: 'yan'uwansa ne suka tsangwame shi.

Sai ya ɗaura yaƙi. Ya riƙa fitowa da rigar barci yana kaɗa tawul. Da abin ya ƙi, ya sauke kwandon ɗungurungum, wai ko kowa ya ci ko kowa ya rasa. Na yi dariya har da hawaye, amma ya ba ni tausayi.

Beryl maƙwabciyarsa, wadda gwarar suka koma yi wa ɓarna, ta leƙo ta kan shinge da kofin shayi a hannu.

“Kai tsoho, yunwa za ka kashe su da ita?”

“Azzalumai ne! Dubi yadda suka mai da ɗan'uwansu saniyar ware.”

“Wane ɗan'uwa? Sa tabaranka. Bakin gwara guntu ne mai kauri, na wannan kamar tsinke. Ga kansa ruwan toka. Danok ne, ba gwara ba. A ƙasa yake kiwo tun kakanninsa.”

“Ke kika raɗa masa suna?”

“Babu wanda ya kore shi, Norman. Har mata yake nema a bayan rumbunka, ya fi ka harka.”

Norman ya sa tabarau, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Tsuntsun ya kaɗa fiffike, ya ci gaba da tsince-tsincensa, ko kallo bai ishe shi ba.

Ni da Beryl muka zuba ido mu ji gardama, don Norman bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Sai ya miƙe, ya mayar da kwandon inda yake, ya ce a hankali:

“Ni na ɗauka mu biyu ne aka ware.”