Gefen da Inna Take Zama

Baba ya faɗi ne a gonar albasa a Gwandu, aka ɗauko shi hannu da ƙafa na hagu sun shanye. Bakinsa bai taɓu ba. Yana magana sarai, yana gane mutane, har yana tambaya ko an yi wa albasa ban-ruwa. Ni ina aikin gadi a Kalgo, sai ranar hutu nake hawa mashin in je.

Mun shimfiɗa masa katifa a tsakiyar ɗaki. 'Yan dubiya suna zama a damansa, don da dama ake gaisawa, kuma shi ne hannun da ya rage. Inna, mahaifiyarmu, ta ɗauki hagu. Nan take wuni tana shafa wa shanyayyen hannun man shanu, tana kore masa ƙuda. Mace ce mai kunya, ba za ta taɓa ratsa maza ta zauna a cikinsu ba.

Baba bai waiwaye ta ba ko sau ɗaya. In ta ce, "Sannu, Malam," sai ya juya dama ya amsa wa wanda ke can. In an kawo tuwo, ya cinye rabin kwano, ya bar rabin hagu, ya ce ana yi masa rowa. Taimama ma rabin fuska yake shafawa. Wannan ya hana ni sukuni, na yi ta zaryar tambayar malamai ko sallarsa ta yi, aka ce mara lafiya yana da uzuri, amma hankalina bai kwanta ba.

Wata rana Inna ta ja ni bakin murhu. "Mi na yi mishi?" ta ce. "Tambayo min. In laifi na yi, in roƙi gafara tun yana da rai." Na kasa tambayarsa. Ina tsoron ya faɗi wani abu da zan kai mata.

Da muka mayar da shi asibiti na gaya wa likita. Ya ɗaga hannu biyu a gaban Baba yana motsa yatsu, Baba ya ce hannu ɗaya yake gani. Ya kaɗa yatsu a kunnuwansa biyu tare, Baba ya ce a dama ya ji. Likita ya ce idon lafiya lau, kunnen ma haka. Su kawowa kawai suke yi, ƙwaƙwalwa ce ke karɓa, kuma wurin da ke lura da hagu shi ciwon ya taɓa. Ga Baba, hagu babu shi. Bai ma san ya rasa wani abu ba.

Da murna na mayar da shi gida. Na kori maza waje, sai ƙanen Baba ya rage, na lallashi Inna ta zagayo dama. Ta durƙusa. Baba ya dube ta tsawon lokaci.

"A'a! Yau kin tuna da ni?" ya ce. "Ina kika shige tun da na kwanta?"

"Malam, ina nan fa."

"Nan ina? Maƙwabta sun fi ki zuwa."

Ƙanensa ya so ya mayar da abin wasa. "Haba Yaya, hannunka ya sha man shanu har ya fi na amarya sheƙi. Aljanu suka shafa maka?" Ya ɗago hannun hagun ya kawo masa gaban ido. Baba ya duba, ya ce, "Wanga ba nawa ba ne. Ku ɗauke shi."

Daga ranar Inna ta koma dama. Yana ganinta, yana karɓar kunu daga hannunta, amma kullum sai ya tuna mata cewa ta gudu lokacin da ya fi bukatarta. Na maimaita masa bayanin likita har na gaji. Ya ce ina kare uwata ne.

Ya rasu kafin a cire albasa. Da aka shigo da mu don mu yi masa bankwana, Inna ta durƙusa a hagu, sai ta tuna, ta tashi ta zagayo dama, sannan ta ce ta yafe masa, shi ma ya yafe mata.

Har yanzu in na je Gwandu takan tambaye ni ko ya faɗi wani abu a kanta daga ƙarshe. Ina tsoron yi mata ƙarya, ina tsoron gaya mata gaskiya. Sai in ce, "Inna, ba shi ba ne, ciwo ne." Ta ce, "Na sani. Amma da abin a ransa ya tafi."