Kalandun Baba Sanda

Ranar da ta ƙi fita daga raina a wannan aiki wata Alhamis ce ta ƙarshen Satumba, shekarar da na fara aikin hutu a reshen kamfanin tarho na ƙasa da ke nan Matameye. Ku da kuka shigo bana, ku gyara zama ku ji, don ni babu wanda ya zaunar da ni ya gaya mini.

Shekarata goma sha shida a lokacin. Aikina rajistar layi: mutum ya miƙo katin ɗan ƙasa, in ɗauki hotonsa, in shigar da suna da lamba, in ba shi layinsa. Hannuna na aiki, bakina kuma ya fi shi. Shi ya sa Baba Sanda ya raɗa mini suna Rediyo.

Baba Sanda shi ne mafi daɗewa a reshen. Mai gyaran waya ne, ya fara hawa turakun tarho tun ba a haifi babata ba, ni dai nakan ce tun ba a ƙirƙiro tsani ba. Da gwiwa ta gaza sai aka ba shi riƙon mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya na bayan ofis. Saura masa wata uku ya yi ritaya. In ya sami kunne sai ya fara: da mu da gidan waya gida ɗaya ne, aka raba mu, aka sayar da mu ga baƙi, gwamnati ta karɓe mu, aka haɗa mu da 'yan salula. Kullum "mu" yake cewa, kamar shi aka ɗora a sikeli. Ni kuwa in ya juya baya sai in kwaikwayi tafiyarsa, 'yan ofis su yi ta dariya.

A farkon makon, shugabar reshe, Hajiya Ramatu, ta ce a share mangaza don za a yi fenti. Ga ƙa'idar gidan: ba a fitar da komai daga mangaza, ko tsohon ƙusa ne, sai an rubuta shi a takarda, mai riƙon mangaza ya sa hannu, shugaba ta sa hannu. An gaya mini wannan tun ranar da na fara aiki. Ranar Laraba Baba Sanda ya tafi Yauri jana'iza, ya bar mini makulli, ya ce in share ƙasa kawai.

Na shiga. Ƙura har gwiwa, ɓeraye sun tsufa a ciki har sun isa ritaya, wani ƙadangare ya dube ni kamar shi ne shugaban reshe. A saman kabad na ga tsofaffin kalandun kamfani a naɗe, an ɗaure su da jar waya, sun fi talatin. Takarda mai kauri, mai sheƙi. Saura kwanaki a koma lakwal, wato makaranta, kuma kun san yadda muke neman irin wannan takarda don rufe littattafai. Duk 'yar ajin da littafinta ya sha rigar kalanda tafiyarta ma daban take.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ga rubutu a bayansu. Rubutun fensir ne, ƙanana kamar sahun tururuwa. Ban karanta ba. Na ce a raina takarda ai ba kayan aiki ba ce, ba ta bukatar sa hannun kowa. Da yamma na raba wa ƙawayena, ina cewa su sa hoton a waje, su ɓoye zanen tsohon a ciki. Ranar na zama gimbiyar unguwa.

Washegari Alhamis, da safe, Hajiya ta tara mu. Takarda ta iso daga ofishin Damagaram: kamfani zai buɗe ɗakin tarihinsa, ana son kowane reshe ya aiko da tsofaffin kayan da yake da su nan da Litinin.

Ban taɓa ganin Baba Sanda ya miƙe da sauri haka ba. Ya ce, "Hajiya, ni ina da abin da ko Yamai ba su da shi." Ya nufi mangaza. Muka ji ƙarar jan kabad. Ya fito da jar wayar nan kaɗai a hannu.

"Rediyo, ina kalanduna?"

Na buɗe baki in ɗora wa ɓeraye, sai na dubi wayar da ke hannunsa, na fasa. Na faɗi gaskiya.

Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Zama ya yi a benci ya bayyana wa Hajiya, ba ni ba. Wanda ya koya masa aiki ne ya gadar masa da al'adar: duk ƙarshen shekara, in an sauke kalanda daga bango, sai a juya bayanta a rubuta wanda ya zo, wanda ya tafi, wanda ya rasu, da ƙauyen da waya ta kai. Takardun ofis sun bi sauye-sauyen suna sun watse, wasu Damagaram, wasu Yamai, wasu gara. Sunayen masu haƙa rami da masu hawa turke ba su rage ko'ina ba sai a bayan kalandun nan. Ya ce, "Shekara da shekaru ina jiran ranar da wani zai tambaya. Yau aka tambaya."

Hajiya ta dube ni ta ce, "Takardar fitar da kaya, wa ya sa miki hannu?" Na ce babu. Ta ce, "To kin ajiye rajista. Zuwa Lahadi da yamma ina son su a kan teburin nan."

Kwana uku na zagaye Matameye a ƙafa har takalmina ya nemi sallama. Gida-gida nake bi ina tuɓe wa littattafai riga. Wata ta yi kuka, wata ta ce sai na kawo mata madadi, uwar wata ta tambaye ni ko kamfanin ne ya talauce har yake bin takarda. Kowace kalanda an yanka ta huɗu ko shida. Baba Sanda ya shimfiɗa tabarma a mangaza, ina kawowa yana haɗawa yana liƙewa, gilashi a kan hanci. A nan na fara karanta abin da na kira zane. Shekara kaza, waya ta kai Kance. Shekara kaza, Malam Habu ya faɗo daga turke, ya karye, ya warke. Shekara kaza, an sauya allon ƙofa, mu dai muna nan.

Zuwa Lahadi duk sun dawo sai guda ɗaya. Ƙawata Zuwaira na ba wa, ita kuma ta bar ta a tsakar gida, babarta mai sayar da ƙosai a tasha ta ɗauka. Na ruga tasha. Babar Zuwaira ta ce, "'Yar nan, takardar ai ta yi albarka, ba ta zubar da mai. Tun ranar kasuwa ta ƙare." Tarihin kamfaninmu ya hau motar haya, ya wuce Ɗan Barto, ya tsallaka iyaka da ƙosai a cikinsa. Da a wata rana ce, da na yi dariya har in faɗi. A ƙarƙashin tire na sami ƙyalle ɗaya, mai ya jiƙe shi, ba a ganin komai sai kalmomi biyu: "mutum tara".

Baba Sanda ya juya ƙyallen ya dubi ragowar hoton, ya gane ta. Kalandar shekarar da aka sayar da kamfani ce, shekarar da mutum tara na reshen nan suka ajiye aiki a wata ɗaya.

Ya ce, "Ɗauko takarda, Rediyo. Yau ni ne rediyon, ke rubuta."

Ya fara kira, ina rubutawa. Biyar suka zo a jere. Na shida ya ɗauki lokaci. Na bakwai sai da ya fita ya zagaya ofis ya dawo. Daga nan ya tsaya. Ya ce yana ganin fuskokin sauran biyun. Ɗaya dogo ne, mutumin Ɗan Barto, yana fito in yana saman turke. Ɗayan shi ke dafa musu shayi a bakin rami. Ya rufe ido, leɓɓansa na motsi, sunan ya ƙi zuwa. Ya kira tsofaffin abokan aiki biyu da suka rage, ɗaya ba ya ji sosai, ɗaya ya ce shi ma fuskar kawai yake gani.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Ni na yafe tun Alhamis. Su biyun nan ne ban san inda za ki same su ba. Ki bar musu layi biyu."

Ranar Litinin kalandun suka tafi Damagaram da takardar fitar da kaya, sa hannu biyu cif. A tsakiyarsu akwai farar takarda da rubutuna, suna bakwai da layi biyu babu komai.

Baba Sanda ya yi ritaya a Disamba. Bayan wata huɗu, ina aji, ya kira ni a waya, ko sallama bai gama ba ya ce, "Mai shayi, Ɗan Jimma ne. Rubuta." Na rubuta a tafin hannuna, Hajiya ta aika Damagaram. Mai fito har yau bai dawo masa ba. In mun haɗu a kasuwa ba na tambaya, shi ma girgiza kai kawai yake yi.

Abin da na koya ke nan. Kamfanin nan ya sauya suna, ya sauya masu shi, ya sauya allon ƙofa, amma mutanen da suka kafa turakunsa a bayan takarda suke zaune, da fensir. Ni ce nake rubuta bayan kalandar reshen yanzu, sunayenku ma za su shiga a ƙarshen shekara. Ku kwaikwayi tafiyar wanda kuka ga dama, ni ma ban daina ba. Amma duk takardar da za ku fitar daga gidan nan, ku nemi sa hannu, kuma ku juya bayanta ku karanta. Ni na juya, na gani, ban karanta ba, ga shi wani dogon mutum mai fito ya rage layi babu suna.